Ɗan Rahoto a Damtsena

Shekara tara ina huda yatsa,
har manuniya ta yi kanta kamar hannun maƙeri.
Sai Kyauta, autata, ta dawo daga Yaba
da wani farin maɓalli, faɗin tsohon kwabo,
ta manna min shi a bayan damtse.
Ta ce, Baba, daga yau kana da ɗan rahoto.

Ba ya barci, ba ya karɓar na goro.
In na kara masa waya sai ya faɗi lamba,
da wata 'yar kibiya a gefe:
ko ta kwanta, ko ta ɗaga kai, ko ta sunkuya.

Asuba a Agege, ɗari da goma,
kibiya a kwance kamar akuya mai tuƙa.
Na sha shayi ba sukari a teburin Ɗanjuma.
Burodin unguwarmu yana kallona ta cikin leda,
tsohon abokin nan, mai laushi, mai nauyi.
Na yanki rabin rabi.
Na san za a kai ƙarata.

A danfo yaron mota ya hango fari a ƙarƙashin riga,
ya ce, Alaji, laya ce?
Na ce laya ce,
amma irin mai tona asirin mai ita.

Kasuwar Mil Sha Biyu.
Tirela ta iso daga Aliero da albasa,
ana saukewa, ina ƙirga buhu,
gumi yana cin gefen filasta.
Na dafe wurin kamar mai tsaron aljihu a Oshodi.
Ribar kwanaki na zuba a kansa,
shi kuwa mako biyu ne iyakar ransa.

Da azahar Iya Sikira ta zuba min wake,
ta ɗora soyayyar agada, ta ƙara biyu don mutunci.
Ban ce a'a ba.
Bayan awa guda, ɗari biyu da arba'in,
kibiya tsaye cak, tana bin farashin mai.
Wayar Kyauta ma tana gani.
Baba, me ka ci?
Wake.
Da me?
Na mayar da waya aljihu,
na zaga layin tumatir, na zaga na tattasai,
na sake zagawa har 'yan dako suna tambaya ko ɓatan kuɗi na yi.
A zagaye na uku ta sassauto.

Magariba ta same mu a gosulon Ojota.
Ruwa kamar da bakin ƙwarya, mota ba gaba ba baya,
allurar rana tana can tana aikinta, ciki babu komai.
Waya ta yi ƙara kafin hannuna ya fara rawa:
sittin da biyu, kibiya ta sunkuya.
Na laluba aljihu, dabino uku.
Matar da ke gefena, ban san yarenta ba,
ta miƙo min lemon da ta saya wa ɗanta.

Da can gajiya zan kira wannan.
Haka yayana Barau ya kira ta,
ya shimfiɗa tabarma a shagonsa na Ijora,
ya ce a tashe shi in an kira la'asar.
An kira.

Dare. An ɗauke wuta, janaretan maƙwabci yana tari.
Na buɗe zanen yinin nan a waya:
tudu, kwari, tudu mai tsini, sannan rami,
kamar hanyar garinmu da damina.
Ga inda na yi biyayya, ga Iya Sikira,
ga Ojota, ga lemon baiwar Allah.

Saura kwana huɗu in ɓamɓare shi,
ya bar min ɗan zobe ja a fata.
Asabar akwai ɗaurin aure a Idi-Araba,
na ji an ce shinkafa buhu biyu.
Tun yanzu mun fara ciniki, ni da shi.
Na taya cokali goma.
Bai ce albarka ba tukuna.